Wa Ya Faɗa? Muhawara Kan Saƙon Murya a Zauren 'Yan Gari

Malam Sabo (mai kula da zauren WhatsApp ɗin): Assalamu alaikum jama'a. Na goge saƙon muryar nan da aka turo da asuba, wanda ake cewa wai wasu mutane a farar mota suna yawo ƙauye-ƙauye suna satar yara. Na kira wanda ya saka shi a nan, ya ce shi ma turo masa aka yi. Na kira wanda ya turo masa, amsar ɗaya ce. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi gari ba, bai faɗi rana ba. Amma kafin ƙarfe goma iyaye sun cika makaranta suna kwashe 'ya'yansu, a bakin kasuwa kuma saura ƙiris a lakaɗa wa wani baƙo mai sayar da maganin basir duka, don kawai ba a san fuskarsa ba. Shawarata a hana saƙon murya a zauren nan gaba ɗaya, a koma rubutu zalla. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, amma cikin ladabi, akwai iyayenmu a nan.

Nura mai caji: Wa alaikumus salam. Malam, da girmanku, wannan korar jama'a ce. Ni wayoyin garin nan a hannuna suke kwana. Na san masu karanta boko, na san waɗanda sai sun ce "Nura duba min wa ya kira ni". In ka hana murya, ka sallami Baba Liman, ka sallami Kawu Habu, ka sallami kusan duk matan da ke cikin zauren. Sai ku malaman makaranta ku zauna ku yi ta yi wa junanku rubutu.

Auwalu mai POS: Kuma ƙarya a rubuce ma ana yin ta. Nawa aka turo mana na "gwamnati tana raba tallafi, danna nan ka cike"? Ba murya ba ne ai.

Malam Sabo: Gaskiya ne. Sai dai rubutu mutum yakan tsaya ya karanta, ya yi ɗan tunani. Murya kuwa, musamman mace tana kuka tana salati, kafin ta kai aya hannu ya riga ya tura.

Alhaji Ɗanlami mai hatsi: (saƙon murya, Nura ya rubuta shi saboda masu ƙarancin data) Malam Sabo Allah ya yi maka albarka. Ni dai kada haushin abu ɗaya ya sa mu manta inda muka fito. Yaran nan ba su san lokacin da mutum zai ɗora buhun riɗi a mota har Maigatari ranar Alhamis ba, bai san farashi ba sai ya sauke kaya. In ka tarar kasuwa ta faɗi, ko ka sayar da asara ko ka biya kuɗin mota ka dawo da kayanka. Yau kafin in fita daga masallaci da asuba na san yadda aka kwana a Dawanau, na san yadda gero ya tashi a Gujungu ranar Lahadi. Duk da murya ake gaya min, don yarona na can shi ma allo ya yi, ba boko ba. Lokacin da MTN da Econet suka fara a 2001, layi kawai ban da waya sai ka ajiye wajen naira 20,000, kira kuma naira 50 a minti, ko gaisuwa kawai ka yi an cire maka na minti guda. Sai da Glo ta zo a 2003 aka fara lissafi da daƙiƙa. Mu nan sabis ma bai iso ba sai daga baya, sai ka hau kan jigawar gabas kana ɗaga hannu sama. Wanda ya ga wancan zamani ba zai zagi waya ba.

Kawu Habu dillali: (saƙon murya) Alhaji ya faɗi tasa, bari in faɗi tawa, tunda mu ne aka ce waya ta zo ta raba mutane da zaluncinmu. Na ji, a cikin dillalai akwai masu cin amana. Amma dillali yana da fuska, yana da gida, yana da sarkin kara a kansa. In na sayar maka da sa a Wudil ranar Juma'a, bayan kwana uku aka ce na sata ne, ƙofar gidana za a zo. La'adar da nake karɓa ta wannan ce, ba ta tsayuwa a rana ba. Yanzu yaro zai ɗauki hoton rago ya tura wa wani a Legas, a yi ciniki ba wanda ya ga wani. In an dace shi ke nan. In ba a dace ba, lambar a kashe take. Watan jiya a gabana aka nuna wa wani Bafulatani alat na bogi, ya saki tumakinsa biyu, sai da ya je wajen Auwalu aka duba babu ko sisi. Wa zai kama? To saƙon da Malam Sabo yake magana a kai ma haka yake. Kaya ne ba dillali.

Auwalu mai POS: Kawu ya yi gaskiya, na tuna mutumin. Shi ya sa nake cewa kowa kada ya yarda da saƙon da aka nuna masa a wayar mai saye, ya duba a tasa.

Rabi ta asibiti: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ina son mu rarrabe abu biyu. Jita-jita ba waya ce ta kawo mana ita ba. A 2003, lokacin da aka dakatar da allurar shan inna a Kano saboda ana cewa tana hana haihuwa, babu WhatsApp, babu Facebook, wayar ma sai gidan wane da wane. A masallaci da majalisa da gidan biki maganar ta yaɗu, kuma ta fi ta yau ƙarfi. Amma ku duba yadda aka magance ta. An san waɗanda suka ɗauki maganar, malamai ne da likitoci da 'yan siyasa masu suna. Aka zauna da su, aka tura mutane suka yi gwaji, aka kawo allura daga Indunisiya, ƙasar Musulmi, a watan Yulin 2004 aka ci gaba. Daga baya sarakuna da hakimai da masu unguwanni suka shigo ciki. Abin ya ɗauki shekaru, yara da yawa sun nakasa a tsakani, amma a 2020 an tabbatar nau'in cutar shan inna na asali ya bar Najeriya.

To ku kwatanta da daren gishiri a watan Agustan 2014. Tsakar dare waya ta dinga ƙara, ɗan'uwa na kiran ɗan'uwa, a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola. Cutar da ta tsaya Legas da Fatakwal, ba ta zo ko kusa da mu ba. Kafin gari ya waye ƙasa duka ta yi, masu hawan jini suka kwanta asibiti, har an rasa rai. Da wa za ka zauna ka yi sulhu a kan wannan? Kowa cewa yake yayana ne ya kira ni, kuma don ƙauna ya kira.

Hajiya Talatu: Wallahi har jaririn Asabe sai da muka yi wa wankan nan. Allah ya yafe mana.

Baba Liman: (saƙon murya) Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina jin ku tun ɗazu. Malam Sabo, ba na goyon bayan a hana murya, ba don ni kaɗai ba. Mutanenmu da baki suka san magana. Ko kafin wannan abin, kaset muke saye na tafsiri, rediyo muke rataya a kafaɗa mu tafi gona, tun BBC Hausa da Rediyon Kaduna. Amma ku tuna sankira. In ya fito da yamma zai yi shela, abin da yake fara faɗa shi ne wanda ya aiko shi: dagaci yana gaishe ku, ya ce a gaya muku kaza. Kowa ya san bakin wa yake ɗauke da shi, in ya ƙara gishiri a kansa za a sauke. Allah ya ce mana a Suratul Hujurat, in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, kada ku cutar da mutane cikin rashin sani ku dawo kuna nadama. Kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ya ishi mutum ƙarya ya dinga ba da labarin duk abin da ya ji. Wanda ya tura, shi ma ya faɗa ne. Cewa "ni ma turo min aka yi" ba ta wanke kowa.

Malam Sabo: Allah ya gafarta Malam, mun gode. Allah ya ƙara lafiya.

Sadiku (Legas): Ina gaida iyaye. Ni ɗan ci-rani ne, ku bar ni in yi magana ta ɓangarenmu. Da can sai ka nemo direban babbar mota ɗan gari, ka ƙulle kuɗi a leda da 'yar wasiƙa, ka yi ta addu'a. Yanzu Inna za ta ce magani ya ƙare, kafin a idar da sallar la'asar Auwalu ya ba ta. Wannan alheri ne ba mai musu. Amma akwai abin da ba a faɗa. Da, ɗan ci-rani in ya tafi bayan girbi, an bar shi ya tara har damina, ya dawo da abin sayen taki ko ɗan maraƙi. Yanzu ba ka tara komai. Suna, biki, gudummawar ƙwallo, kuɗin data, kowa yana da lambarka, kuma yana ganin ka hau WhatsApp, ba damar ka ce ba ka gani ba. In ka saka hoto da sabuwar riga, shi ke nan ka yi kuɗi. Rigar ma ta aboki ce.

Nura mai caji: Sadiku ai naka kaɗan ne. Filashin fa? Mutum zai yi maka filashin sau uku, ka kira shi da katinka, ya ce dama gaishe ka zan yi, sannan ya roƙe ka.

Mubarak (ɗalibi, Dutse): Ina neman izini in sa baki. Ana ta magana kamar waya ta faɗo mana daga sama ne mu kuma sai yadda ta yi da mu. Ai mu ma mun tanƙwara ta. Wayoyin da suka cika garin nan, Tecno da itel da Infinix, duk na kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin, Transsion. Bai ci kasuwar Afirka don ya fi Samsung fasaha ba. Ya duba yadda muke rayuwa ne: sabis ɗin wannan layi yana kamawa a gona, na wancan a cikin gari, sai ya yi waya mai layi biyu. Babu wuta, sai ya yi batir mai kwana da kwanaki da tocila. Ya gyara kyamara ta dinga fito da baƙar fata, ya saka Hausa a cikin harsunan wayar. Google ya saka Hausa a manhajar fassararsa a 2013, Facebook ya fito da na Hausa a 2016. Yawanmu ne ya ja su, ba tausayi ba.

Sannan abin da ya faru yau, irinsa sak ya faru a Indiya a 2017 da 2018. Saƙon ɓarayin yara ya dinga yawo a WhatsApp, jama'a suka kashe baƙi da dama a ƙauyuka. Dalilin da ya sa kamfanin ya taƙaita turawa ke nan, tun 2019 ba ka iya tura saƙo ɗaya wa fiye da wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma wanda ya sha yawo sai wuri ɗaya. Ku duba saman saƙo, in kun ga kibiya biyu, ya bi hannu da yawa kafin ya iso gare ku. Wanda aka goge da safe yana da ita. Amma iyakar abin da za su iya ke nan, don saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya, su kansu ba sa jin abin da ke ciki. Ba wani a Amurka da zai tace mana muryar Hausa. In ba mu tace ba, ba mai yi.

Kawu Habu dillali: Yaro ka yi karatu. Kibiya biyun nan ban taɓa lura da ita ba.

Ɗan'azumi: Ni fa a ganina duk kewaye-kewaye ake yi. Yawancin irin wannan saƙo daga zaurukan mata yake fitowa. Magidanci ya saya wa matarsa ƙaramar waya ta kira, shi ke nan. Babbar waya a hannun matar aure fitina ce, tuwo yana ƙonewa tana kallon TikTok.

Hajiya Talatu: Ɗan'azumi, wanda ya saka saƙon nan da asuba mace ce? Malam Sabo ya faɗa mana mana.

Malam Sabo: Namiji ne, Hajiya. Ba zan kama suna ba.

Hajiya Talatu: To madalla. Waɗanda suka zagaye bawan Allah a kasuwa da sanduna, su ma mata ne? Bari in gaya maka abin da babbar waya ta yi a cikin gidajen nan da ba ka shiga. Mace tana kulle, sana'arta sai ta hannun yarinya, a ɗora mata faranti tun safe ta yi ta yawon tasha da majalisar samari, makaranta kuwa sai ranar da aka ga dama. Yanzu ni turaren wuta da atamfa da ƙuli nake sayarwa, a sitatus nake sakawa, mata su zaɓa, ɗan acaɓa ya kai. 'Ya'yana biyu mata ba wadda ta ɗauki talla, ɗaya tana aji biyar na sakandare. Adashinmu mu ashirin, a zaure muke lissafi, wadda ta zuba a rubuta kowa ya gani, an daina rigimar na ba ki ba ki ba ni ba. Mai naƙuda ta kira Rabi cikin dare. Wadda aka yi wa aure a Hadeja ta ga fuskar uwarta. Akwai masu ɓata lokaci, ban ce babu ba, har da masu sayen littattafan soyayya a waya su kwana karatu. Amma matasan da suka shekara suna dangwalar waya a gindin dalbejiya wai suna haƙar kuɗi, su wa ya ƙwace tasu?

Nura mai caji: Hajiya kin taɓo Hamster, wasan nan na haƙar kuɗin intanet! A 2024 har layi ake yi a shagona, mutum ɗaya waya uku. Da aka raba kuɗin a watan Satumba, wani abin da ya samu bai biya kuɗin cajin da nake bin sa ba.

Ɗan'azumi: Ni ban yi ba.

Nura mai caji: Littafin bashi yana nan.

Malam Sabo: A dawo kan magana don Allah.

Rabi ta asibiti: Akwai abin da ya fi damuna fiye da ƙarya, shi ne gaskiyar da bai kamata a yaɗa ba. Ku tuna Majiya a watan Oktoban 2024, da tankar mai ta faɗi ta kama da wuta, mutum sama da 150 suka rasu. Nan kusa da mu ne, akwai waɗanda muka sani. Kafin a sanar da iyalai, bidiyon gawarwaki ya gama zaurukan nan, har wannan. Mu da muke rufe mamaci tun kafin ya huce, muke hana yara leƙa makara. Ban san lokacin da muka yarda cewa in dai ta waya ce babu kunya ba.

Baba Liman: (saƙon murya) Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu. Rabi, Allah ya yi miki albarka. Wannan zan ɗauke shi a huɗuba.

Auwalu mai POS: Amin. Ni kuma tsorona daban ne: mun dogara da abin da ba a hannunmu yake ba. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, dattijon da ya rantse ba zai taɓa buɗe asusu ba sai ga shi yana karɓar tiransifa a kan tiyar gero, don ba takardar kuɗi a gari. Daga nan kasuwa ta koma waya, ba ta dawo ba. To a watan Satumban 2021 gwamnati ta kashe sabis a Zamfara saboda 'yan bindiga, aka yi makonni ba kira ba tura kuɗi, mutane suna tafiya wata jiha don su buga waya. Da aka ce a haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, nawa ne a garin nan aka rufe musu layi suna zaune? Ranar da ƙarfen sabis ɗin bakin titi ya tsaya, ciniki ya tsaya ke nan.

Malam Sabo: Na saurari kowa, na janye maganar hana murya. Ga abin da na tsinta daga bakin Baba Liman da Kawu Habu. Duk mai yin saƙon murya na labari, ya fara da sunansa da garinsu da ranar da abin ya faru. Wanda zai turo na wani, ya rubuta ko ya faɗa a ƙasa cewa ya san mai maganar kuma ya tsaya masa. In babu wannan, a goge. Hoton gawa ko na mai rauni, a goge ba tambaya. Labarin tsaro kuma a kai wa mai unguwa kafin a kawo nan. Kun amince?

Alhaji Ɗanlami mai hatsi: Na amince.

Mubarak (ɗalibi, Dutse): Na amince da na gawa da na tsaro. Na faɗin suna kuwa akwai gyara, Malam. In takin tallafi ya zo aka karkatar da shi, ko rijiyar burtsatse ta lalace aka ce an gyara a takarda, wa zai fito ya ce ni wane ɗan wane na gani? Talaka yana da gona a hannun wani, yana da 'ya a gidan wani. A 2022 kotu a Kano ta sa an yi wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala ashirin-ashirin kan ɓata sunan gwamnan lokacin. A 2022 ɗin dai aka kama wani ɗalibin jami'armu aka tafi da shi Abuja saboda abin da ya rubuta a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, sai da ƙasa ta ɗauka aka sake shi. Shi ɗalibi ne, ƙungiyoyi sun tsaya masa. Manomi a nan wa zai tsaya masa? Saƙon da ba suna shi ne ya kusa jawo duka yau, na yarda, amma wani lokacin shi kaɗai ne bakin mara gata.

Kawu Habu dillali: To ya kawo wa dillali. Ya gaya wa Malam Sabo a ɓoye, Malam ya bincika, in gaskiya ne ya faɗa da bakinsa.

Malam Sabo: Kawu, ni ma'aikacin ƙaramar hukuma ne fa. Kuna so a mayar da ni makarantar da ba hanyar mota?

Sadiku (Legas): A ba mu mu na waje. Ni ba wanda zai canja min wurin aiki, baro nake turawa.

Alhaji Ɗanlami mai hatsi: Mahaifinka yana gari, Sadiku.

Hajiya Talatu: Kafin ku gama rabon muƙami, mace ba za ta kira Malam Sabo ko Sadiku a ɓoye ta gaya masa damuwarta ba, ku ma kun sani, mijinta ma ba zai yarda ba. Masu kula da zauren nan uku ne, duk maza. A saka Rabi.

Ɗan'azumi: Yanzu kuma mace ce za ta dinga goge mana magana?

Baba Liman: (saƙon murya) A saka ta.

Malam Sabo: An saka. Dokar gawa da ta tsaro sun fara aiki daga yanzu. Maganar Mubarak ba a warware ta ba, mu haɗu a kanta ranar Juma'a bayan an sauko, a zauren mai unguwa. Na waje su turo nasu kafin nan.

Rabi ta asibiti: Na karɓa. Amma ranar Talata da Alhamis ina awon ciki har azahar, ba na duba waya. Wani ya riƙe a waɗannan ranakun.